Ranar da Kir Anestis Ya Yi Ciniki da Na'urar Shiga Jami'a

A garinmu ban san wanda ya taɓa neman shawarar Kir Anestis ba, kuma ban san wanda ya taɓa tsira daga gare ta ba. Dillalin man zaitun ne, yana kuma taɓa sayar da tsofaffin taraktoci idan ya sami baƙon da bai san shi ba. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da shagon kofi a bakin dandali, tun rasuwar maigidana, kuma kullum a teburin jikin ƙofa yake zama, carbin wasansa a hannu, yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Ya taɓa koya wa likita yadda ake auna jini. Ya taɓa tare fada, limamin cocinmu, a hanya ya gaya masa ƙararrawar coci tana latti, alhali agogonsa ne ke gudu.

Allah cikin ikonsa ya ba wannan mutum 'ya mai hankali, sunanta Marianthi. Shekara biyu yarinyar nan ba ta san biki ba, ba ta san bakin teku ba. Da safe makaranta, da yamma darasin ƙari, duk don jarrabawar ƙasa. Abu ɗaya take so tun tana aji uku: ta karanta tattalin arziki a Atina. Da maki ya fito ta sami dubu goma sha bakwai da ɗari huɗu cikin dubu ashirin, ta wuce abin da sashen ya tsaya a kai bara da tazara mai kyau.

Saura abu guda, mai sauƙi kamar shan ruwa: ta jera sassan da take so a kwamfuta, na ɗaya, na biyu, har ƙasa. Na'urar da ke rabon gurabe daga sama take farawa. Sashen farko da makinka ya kai, nan za ta ajiye ka, ba ta ƙara leƙa na ƙasa. 'Yan firamare ma sun san wannan. Kir Anestis ne kaɗai ya gano akwai lauje cikin naɗi.

Wata safiya Malam Lambros, wanda ya koyar da Marianthi lissafi, ya shigo shan kofi. Kir Anestis ya ja masa kujera da ƙafa.

"Malam, me yarinyar nan ta sa a lamba ɗaya?"

"Abin da take so mana. Tattalin arziki, Atina."

Kir Anestis ya dafe goshi. "Kun kashe ta. Kai littafi ka sani, ni kasuwa na sani. Ka taɓa shiga gonar mutum ka ce masa man nan nake so? Ai ka gama yawo. Tsohon jakinsa za ka fara tayawa, ka yaba katangarsa, ka ɗanɗana man ka yatsina fuska, ka juya za ka tafi. Shi da kansa zai biyo ka da tulun."

"Na'ura ce, Kir Anestis. Ba ta da gona, ba ta da jaki."

"Su wa suka ƙera ta? Mutanen Atina. Ka taɓa ganin mutumin Atina ya ba ka abin da ka roƙa?"

Manthos mahauci, wanda ke gefe yana karya kumallo, ya ce, "Wannan dabarar ce ka yi amfani da ita ranar da ka je sayen firji ka dawo da akuya?"

"Akuyar ta haifi biyu. Firjinka me ya haifa?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Malam Lambros ya shanye kofinsa ya tafi yana girgiza kai. Duk mun ɗauka zance ne irin na kullum, wanda ke mutuwa kafin a wanke kofuna.

Marianthi ta jera sassanta talatin da biyu, ta sa tattalin arziki a sama, can ƙasa kuma ta cike gurabe da duk abin da ya rage, don malamai sun ce kada a bar fili. Ya rage a danna maɓallin ƙarshe, wanda bayansa babu gyara. Sai uwarta Stamatia ta sa baki. Ta ce ba za a danna komai ba sai an fito daga coci ranar Lahadi, wadda ita ce ranar rufewa, kuma kafin nan takardar da ke ɗauke da lambar sirri za ta kwana uku a bayan hoton waliyyi, kusa da fitilar mai, ta sha albarka. Ita kuwa Marianthi ranar Alhamis za ta hau jirgin ruwa zuwa tsibiri, inda take taya gwaggonta aikin masaukin baƙi duk lokacin zafi. Ta bar wasiyya a bakin ƙofa: ranar Lahadi a kai wa Malam Lambros takardar, ya danna, shi ke nan.

"Ni zan kai," in ji ubanta. "Ki tafi hankalinki kwance."

Ranar Lahadi da hantsi sai ga shi a shagona da rigar coci, ƙarshen hannun rigar ya babbake. Wajen zaro takardar ya ture fitilar, mai ya malale a kan lambar, wuta ta lashi rigarsa, ya kashe ta da ruwan furannin Stamatia. Ya nufi tsohuwar kwamfutar da ke lungu, wadda manoma ke duba farashin taki a kanta.

"Fotini, kunna min wannan."

"Me za ka yi da ita?"

"Harkar maza."

Na kunna masa. Wannan shi ne laifina a labarin nan, kuma har yau yana ci min rai. Na ɗauka mutumin da bai iya kunna kwamfuta ba, ba zai iya yin ɓarna da ita ba.

Da farko kamar hasashena zai tabbata. Ya zaro tabarau ya maƙala, ashe na Stamatia ya ɗauko, allon ya koma masa kamar miya. Ya riƙe linzamin kwamfutar a sama yana nuna allon da shi kamar mai canza tashar talabijin. Lamba ta ƙarshe a takardar mai ya cinye ta, ba a gane ɗaya ce ko bakwai. Ya kai ta bakin taga, ya ɗaga ta ga rana, ya shinshina ta.

Manthos ya ce, "Lasa mana, kai da ka san mai. Wataƙila ɗanɗano ya gaya maka."

"Bakwai ce. Mai ba ya kama ɗaya haka."

Ya sa bakwai, ta ƙi. Ya ce gwada ta yake yi. Ya sa ɗaya, ta buɗe. Daga nan ya juya mana baya, ya kare allon da kafaɗunsa, ya yi fiye da awa yana huci yana danne-danne da yatsa guda. Ni ina fama da mutanen da suka fito daga coci. Abin da na ji kawai shi ne lokacin da ya buga tebur yana dariya.

"Kun ji ta? Wai na tabbata? Ta fara roƙo ke nan. Tun ban juya baya ba."

Na'urar ta sake tambayarsa ko ya tabbata, ta gargaɗe shi cewa bayan wannan babu gyara. Ya waiwayo ya kashe mana ido.

"Sau biyu. Jikinta ya yi sanyi."

Ya danna. Da yamma ya kira Marianthi ya ce an gama. Ita kuwa ta riga ta rantse ba za ta sake kallon shafin nan ba sai ranar sakamako. Malam Lambros da bai ga kowa ba ya ɗauka yarinyar ta danna da kanta kafin ta tafi.

Mako uku aka yi ana jira, kuma a cikinsu Kir Anestis bai zauna ba. Ya je Kalamata ya sa aka buga masa kyalle mai tsawon taku goma sha biyu, da manyan haruffa ja: BARKA DA SHIGA JAMI'A, MARIANTHI, MASANIYAR TATTALIN ARZIKI. A ƙasa da haruffan da ba su fi waɗancan ƙanƙanta ba sosai: DAGA MAHAIFINKI, WANDA YA SAN HANYA.

"Ba ka bari sakamakon ya fito?" na tambaye shi.

"Masu shakka ke jira, Fotini. Ara min barandarki."

Ya ɗaura gefe ɗaya a barandata, ɗayan a ta mai kantin magani, kyallen ya ratsa titi. Washegari motar mai kankana ta zo wucewa da lasifikarta, ta kwashe shi, ta ja shi har bakin maƙabarta kafin direban ya lura. Aka dawo da shi da sawun taya a kan kalmar MASANIYAR. Kir Anestis ya wanke shi da sabulun wanke-wankena, ya hau tsani ya ɗaura shi sama da da, da igiyar ƙarfe, ya ƙulle da kwaɗo ta kowane gefe.

"Yanzu ko girgizar ƙasa ba za ta sauke shi ba," in ji shi.

Ya sa Manthos ya ware masa raguna biyu. Ya ɗauko mai busa daga ƙauyen sama, ya yi masa umarni: da zarar an gama karanta saƙo, ya saki kiɗa, kada ya jira kowa. Ya gayyaci fada, da shugaban ƙungiyar manoma, da wani ɗan'uwansa da suka shekara tara ba sa magana, don kawai ya zo ya gani. Stamatia ta bi shi tana cewa a yi a hankali, ido ba kyau. Ya ce ido na masu ƙaramin maki ne.

Ranar sakamako aka jera tebura a ƙarƙashin babbar bishiyar dandali. Marianthi ta iso da motar safe, ta rame, rana ta ƙona ta, hannayenta duk sun yi kaushi da wankin zannuwan baƙi. Ta ɗaga kai ta karanta kyallen, ta rufe fuska da tafi.

"Inna Fotini, ba wanda ya iya hana shi?"

"'Yar nan, wa ya taɓa iyawa?"

Ta yi murmushi, ta ajiye wayarta a kan tebur, ta zauna tana kallonta. An ce saƙo zai shigo da azahar. Raguna na juyawa a kan garwashi, an fara zuba giyar uzo, mutane sun fi ɗari. Kir Anestis ya kasa haƙuri. Ya karɓi abin magana daga hannun mai busa, ya hau kan akwatin lemo, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau zan buɗe muku sirri, kyauta, don 'ya'yanku su amfana. Kowa ya san 'yata ta yi karatu. To amma karatu rabi ne. Da na bar ta da malamai, da tuni na'ura ta gane abin da take so ta hana ta. Ranar rufewa ni da kaina na zauna a shagon Fotini, na ɗauki tattalin arzikin nan na kai shi can ƙasa, lamba talatin da biyu, kamar ba mu damu da shi ba. A sama kuwa na ɗora mata tsohon jaki. Wani sashe ne na koyon kiwon kifi, can iyakar arewa, inda ko mota ba ta zuwa sai sau biyu a mako. Na ce to, ga abin da muke so, hana mu mu gani."

Wasu suka yi tafi, waɗanda 'ya'yansu suka daɗe da gama makaranta. Malam Lambros ya ajiye cokalinsa a hankali. Ni kuwa tiren da ke hannuna ya yi nauyi har sai da na dire shi a ƙasa.

Marianthi ta ce, "Baba, wasa kake yi."

"Ki gode min daga baya."

"Baba, ka ce min wasa kake yi."

Wayar ta yi ƙara. Kafin yarinyar ta miƙa hannu ya fizge ta, ya sa tabarau, nasa a wannan karon, ya kai abin magana bakinsa.

"Ku saurara. Ana taya ki murna. An ba ki gurbi a zaɓinki na ɗaya, sashen koyon kiwon..."

Ya tsaya. Mai busa, bawan Allah mai cika umarni, ya ga an daina karatu, ya saki kiɗa da iyakar ƙarfinsa. Wata tsohuwa mai nauyin kunne ta miƙe ta fara rawa. Sai da Manthos ya je ya toshe bakin abin busar da tafin hannunsa.

Kir Anestis ya share gumi. "Kada kowa ya tayar da hankalinsa. Tayin farko ne wannan. Malam, zo ka rubuta mata: albarka."

"A rubuta wa wa?"

"Na'urar. Ka ce ba mu sallama ba, ta ƙara."

"Karanta layin ƙarshe, Kir Anestis."

Ya karanta, har yanzu abin maganar na bakinsa, kowa ya ji: "Ba a amsa wannan saƙo."

"Haka suke cewa dukkansu," in ji shi. "Ku ba ni wuri."

Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, ya yatsina mata fuska, ya juya mata baya, ya fara tafiya. Taku biyar. Taku goma. Yana tafe yana karkata kunne. Mutum ɗari suka zuba ido suna kallon dillali yana jira waya ta biyo shi da tulu. Ya kai bakin famfon dandali, ya rage sauri, ya tsaya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Manthos ya ɗaga murya. "Ci gaba, Anestis. Wataƙila sai ka kai iyakar arewa za ta kira ka."

Ɗan'uwan nan na shekara tara ya yi dariya har ya sarƙe, aka shiga bubbuga masa baya. Wajen kallo aka manta da raguna, gefe ɗaya ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe dandalin.

Kir Anestis ya dawo da sassarfa. "Malam, wa ka sani a Atina? Ina da man bara, garwa huɗu, wanda ko fada ban ba shi ba."

"Ko gonar ka kai musu babu abin da zai canza. An ba ta abin da aka roƙa. Makinta ya isa tattalin arziki har da saura, amma na'urar ba ta kai lamba talatin da biyu ba, a ta ɗaya ta tsaya." Malam Lambros ya juya ga yarinyar, muryarsa ta sauka. "Hanya biyu ce, Marianthi. Ko ki tafi kifin, ko ki sake zama jarrabawa baɗi, daga farko."

Daga nan dariya ta mutu. Stamatia ta zauna a kan kujera tana kuka ba sauti, tana cewa ita ce ta ce a jira Lahadi. Na dubi hannayen yarinyar nan, na tuna shekara biyu da take wucewa ta ƙofar shagona da jakar littattafai ta rinjaye ta gefe guda, na ji kamar in ɗauki tiren in fasa shi a kan ubanta, sannan in fasa saura a kaina.

Marianthi ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wayarta ta karanta saƙon da idonta, ta sa ta a aljihu. Shi kuwa, da ya ga babu mai kallonsa da fuskar arziki, sai ya zame ya ɗauko tsani a bayan shagona, ya jingina da baranda, yana laluben makullin kwaɗo.

"Baba."

Ya tsaya a mataki na uku.

"Sauko. Ba ni makullan."

"'Yata, bari in cire wannan abin, mutane na..."

"Ba ƙarya aka rubuta ba, sai dai an yi gaggawa. Zan sake jarrabawar. Kyallen nan yana nan har ranar da zai zama gaskiya. Kai ka ɗaura shi, ka ce ko girgizar ƙasa ba za ta sauke shi ba."

Ya sauko. Ya miƙa mata makullai biyu, ta zura su a sarƙar wuyanta. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai aka yi masa tayi ya sallama ba tare da ya ce albarka ba.

Haka kyallen ya shekara a kanmu. Ƙawayenta suka tafi Atina da Patra a watan tara, ta raka su tasha, ta dawo ta buɗe littattafan da ta riga ta ɗaure da igiya. Ruwan hunturu ya wanke jan haruffan suka koma ruwan hoda, tsuntsaye suka yi abin da suka saba a kan WANDA YA SAN HANYA. Babu wata hanya daga gidan Kir Anestis zuwa dandali sai ta ƙarƙashinsa. Direbobi suka mai da shi alama: ka wuce wanda ya san hanya, ka yi dama. Manoman da ke kawo masa mai suka koyi tambayarsa, da fuska a ɗaure, ko kifi ya yi tsada bana. Duk Juma'a Manthos, wanda bai taɓa sayar da kifi ba a rayuwarsa, sai ya aika masa da guda ɗaya a naɗe cikin jarida.

Da lokacin jera sassa ya sake zagayowa, na cire wayar kwamfutata na kulle ta a durowa. Stamatia ta ɗinke takardar lambar sirri a cikin rigarta, ta ce waliyyi zai gan ta a nan ma. Marianthi ta danna maɓallin da yatsanta a ofishin makaranta, Malam Lambros na tsaye a bakin ƙofa kamar mai gadi.

Ta sami tattalin arziki, a Atina, zaɓi na ɗaya. Ba a gasa rago ba. Ta zo dandali da yamma ta ciro makullan daga wuyanta ta ba ubanta. Ya fara buɗe kwaɗon barandata, sannan ya jingina tsani, ya haye barandar mai kantin magani, wanda ya kulle gidansa ya tafi hutu. Ya buɗe kwaɗon, tsumman ya faɗo titi. Mutane suka yi tafi, don yarinyar. Kir Anestis ya leƙo daga sama ya ga taro, ya ji tafi, na ga ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya dafa ƙarfen barandar da hannu biyu, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, abin da ba ku gane ba, ita dabarar nan dama ta shekara biyu ce. Shekarar farko ka bar na'ura ta ɗauka ta ci..."

Stamatia ta ratso taron. Ta je ta ɗauke tsanin, ta saɓa a kafaɗa, ta kama hannun 'yarta suka nufi gida.